Paul Brown: Gwanin gano madugu da ya yi tuntuɓe wajen zaɓen magaji

A ranar 1 ga Janairun 1976, ƙungiyar Cincinnati Bengals da ke jihar Ohio a Amurka ta sanar da cewa babban kocinta, Paul Brown, ya ajiye aikin horarwa yana da shekara 67, bayan ya shafe fiye da shekara 40 a bakin fili. Sanarwar ta ambaci wanda zai gaje shi, wato Bill Johnson, mataimakinsa mai kula da ƙarfafan 'yan wasan sahun gaba. An tsallake wani mataimakin mai suna Bill Walsh, wanda ya yi shekara takwas yana tsara wa ƙungiyar dabarun kai hari. Walsh ya tattara nasa ya nasa ya bar garin. Cikin shekara 13 da suka biyo baya, Bengals ta kai wasan ƙarshe na Super Bowl har sau biyu, kuma duka biyun ƙungiyar da Walsh ke jagoranta ce ta raba ta da kofin.

Abin mamakin shi ne, wanda ya yanke wannan hukunci ba sabon shiga ba ne a harkar auna mutane. Shi ne ma ya fara mayar da aikin tantance ɗan wasa da ɗaukar ma'aikaci wani ilimi mai ƙa'ida da rubutu a ƙwallon ƙafar Amurka.

Wasan da matsayin madugu

Ƙwallon ƙafar Amurka ya sha bamban da wanda muka saba kallo. Kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili mai tsawon yadi 100, kuma da hannu ake yin mafi yawan wasan. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci gaba da yadi 10. In ya cika, a ba shi wasu huɗun, in ya kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kafin kowace dama akan tsaya a tsara abin da za a yi.

A tsakiyar wannan tsari akwai ɗan wasan da ake kira kwatabak. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowace dama, ya karanci yadda masu tsaron baya suka jeru, sannan cikin daƙiƙa biyu ko uku ya zaɓi wanda zai jefa wa, alhali ƙartin mutane na rugowa su kayar da shi. Matsayinsa kamar na madugu ne a ayari: in ya ɓace hanya, kowa ya ɓace. Shi ya sa babu hukuncin da ke ɗaga ƙungiya ko ya durƙusar da ita kamar zaɓen madugu, sai fa zaɓen kocin da zai horar da shi.

Tasowarsa

An haifi Paul Eugene Brown ranar 7 ga Satumban 1908 a garin Norwalk na jihar Ohio. Mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa ne mai tsara lokutan tashi da isowar jirage, aikin da kuskuren minti ɗaya kan jawo asarar rayuka. Yana yaro iyalin suka koma Massillon, garin masana'antun ƙarfe da ya ɗauki wasan makarantar sakandare tamkar ibada.

Brown bai da girman jiki, nauyinsa bai kai kilo 70 ba, amma ya riƙe matsayin madugu a makarantarsu. Da ya shiga Jami'ar Jihar Ohio sai aka ƙi ɗaukarsa a ƙungiya saboda ƙanƙantarsa. Ya koma Jami'ar Miami da ke garin Oxford, duk a Ohio, inda ya yi madugu na kaka biyu, ya kammala a 1930. Ke nan tun yana saurayi ya ɗanɗani yadda ake yanke wa mutum hukunci da kallo ɗaya, ya kuma ga cewa hukuncin na iya zama kuskure.

Bayan shekara biyu yana koyarwa da horarwa a wata makaranta a jihar Maryland, ya dawo Massillon a 1932 a matsayin koci. Cikin kaka tara ya ci wasa 80, aka doke shi sau 8, aka yi kunnen doki sau 2. Ya sa ƙananan makarantun garin su riƙa koyar da dabarun da babbar makaranta ke amfani da su, ta yadda yaro zai iso wurinsa da rabin karatun a kansa. A 1939 aka gina wa makarantar filin wasa mai ɗaukar mutum kusan 20,000 a garin da mazaunansa ba su kai 30,000 ba.

A 1941 jami'ar da ta taɓa raina girmansa ta ɗauke shi babban koci. Shekara ɗaya bayan haka ya kawo mata kambunta na farko na ƙasa baki ɗaya. Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe masa 'yan wasa, shi ma ya shiga rundunar sojan ruwa a 1944, inda ya horar da ƙungiyar sansanin Great Lakes da ke kusa da Chicago.

Idon da ya hango Otto Graham

A duk kakar 1941, wasa ɗaya tak aka doke ƙungiyar Brown. Jami'ar Northwestern ce ta ci shi 14 da 7, kuma wani matashi mai suna Otto Graham ne ya yi jifa biyun da suka kawo nasarar. Graham ba madugu ba ne a lokacin, matsayinsa na mai gudu da ƙwallo ne, kuma ya fi suna a ƙwallon kwando. Amma Brown ya lura da yadda yake jifa daidai alhali yana cikin gudu, da yadda hankalinsa ba ya tashi in an taso masa. Ya riƙe sunan a ransa.

A 1945 wani attajiri mai kamfanin tasi a Cleveland, Arthur McBride, ya ɗauki Brown ya kafa masa ƙungiya a sabuwar gasar ƙwararru ta AAFC. Ya ba shi albashi mai tsoka, da kaso a ƙungiyar, da cikakken iko kan duk abin da ya shafi wasa. Har sunansa aka sanya wa ƙungiyar, Cleveland Browns, duk da cewa da farko bai so ba. Cikin mutanen farko da ya nema akwai Graham, wanda a lokacin yake aikin soja, kuma ƙungiyar Detroit Lions ta tsohuwar gasar NFL ta riga ta zaɓe shi. Brown ya yi masa alkawarin alawus na wata-wata har yaƙi ya ƙare, ya sa hannu.

Sakamakon ya wuce tsammani. Daga 1946 zuwa 1955 Graham ya buga kaka goma, bai taɓa fashin wasa ko ɗaya ba, kuma a duk kakar goman sai da Cleveland ta kai wasan ƙarshe. Ta ci bakwai. Huɗu na farko a AAFC ne, ciki har da kakar 1948 da ta cinye wasanninta 15 duka. Da gasar ta rushe, masu NFL suka riƙa cewa ƙaramin tafki ne Brown ya yi sarauta a ciki. A wasan farko na kakar 1950 aka haɗa shi da Philadelphia Eagles, zakarun shekara biyu a jere, ya lallasa su 35 da 10. A ƙarshen kakar ya ɗauki kofi bayan doke Los Angeles Rams 30 da 28, ya sake ɗauka a 1954 da 1955.

Wannan ido nasa bai tsaya kan madugu kaɗai ba. A 1946, shekara guda kafin Jackie Robinson ya karya shingen launin fata a wasan besbol, Brown ya ɗauki baƙaƙen fata biyu, Bill Willis da ya horar a Jami'ar Jihar Ohio da Marion Motley da ya horar a Great Lakes. Su biyun, tare da wasu biyu a ƙungiyar Rams, su ne suka kawo ƙarshen shekaru 13 da aka yi ba baƙar fata a wasan ƙwararru. Bai yi gangami a kai ba. Ya san aikinsu, ya ɗauke su. Sai dai da ƙungiyar za ta je wasa Miami a wannan shekara, dole aka bar su a gida saboda dokar wariyar jihar Florida da barazanar da aka yi wa rayuwarsu. Dukansu biyu sun shiga zauren karrama gwarazan wasan.

Yadda ya mayar da horarwa aikin ofis

Kafin Brown, koci mutum ne mai usur da tsawa, mataimakansa kuma 'yan wucin gadi ne da ke watsewa in kaka ta ƙare. Shi ya fara ɗaukar mataimaka na dindindin masu aiki duk shekara. Ya zaunar da 'yan wasa a aji, kowa da kundin da zai rubuta dabaru da hannunsa, sannan a yi musu jarrabawa. Ya riƙa gwada basirar sababbin shiga a rubuce kafin ya ɗauke su. Ya sa ana ɗaukar wasanni a fim, a zauna a bi su ɗaya bayan ɗaya, a ba kowane ɗan wasa maki. Ya riƙa auna gudun mutum a tazarar yadi 40, ma'aunin da har yau da shi ake tantance masu neman shiga NFL. 'Yan wasan da ba su samu gurbi ba amma ba ya son rasa su, sai a sa su cikin jerin masu karɓar albashi a kamfanin tasi na McBride har buƙatarsu ta taso.

Da aka fasa wa Graham baki a wani wasa a 1953, Brown ya sa aka ɗaura wa hular kwanonsa abin kare fuska, wanda daga baya ya zama dole ga kowa.

Akwai kuma bidi'ar da ta fi jawo masa suka. A wancan zamani madugu ne ke zaɓar dabarar da za a yi a kowace dama. Brown ya karɓe wannan iko. Ya riƙa musanya 'yan wasa biyu, ɗaya ya shiga ɗaya ya fito, kowanne ɗauke da saƙon koci zuwa ga madugu. A 1956 har rediyo ya sa a hular madugunsa George Ratterman, hukumar gasar ta hana bayan 'yan wasanni, ba a halatta ba sai a 1994. Yau kusan kowace ƙungiya haka take yi. Amma a lokacin, 'yan wasansa sun ji kamar an mayar da su 'yan aike, kuma wannan ƙorafi ya daɗe yana ruruwa a ƙasa.

Bayan Graham

Graham na yin ritaya sai ta bayyana cewa tsarin bai isa shi kaɗai ba. A 1956 Brown ya yi kakarsa ta farko a wasan ƙwararru da rashin nasara ya rinjayi nasara, wasa 5 ya ci, aka ci shi 7. Ya riga ya fara neman magajin Graham tun 1954, lokacin da ya zaɓi Bobby Garrett na Jami'ar Stanford a matsayi na ɗaya cikin dukan sababbin 'yan wasan ƙasar, amma ya musanya shi zuwa Green Bay bai buga masa ko wasa ɗaya ba.

A zaɓen 1957 madugu Len Dawson yake so, ƙungiyar Pittsburgh ta riga shi. Ya ɗauki mai gudu da ƙwallo Jim Brown, wanda ya zama ɗaya daga cikin fitattun 'yan wasa a tarihin gasar. Bayan shekara uku Dawson ɗin ya faɗo hannunsa ta hanyar musanye, sai ya ajiye shi a benci kaka biyu, ya sallame shi. Dawson ya koma sabuwar gasar AFL, ya ɗauki kofinta a 1962, kuma a Janairun 1970 ya jagoranci Kansas City Chiefs ta ci Super Bowl. Wanda Brown ya fifita a kansa, Milt Plum, alƙalumansa na 1960 sun fi na kowa kyau, sau biyar kacal aka fizge jifarsa a duk kakar. Amma bai kawo kofi ba, kuma da ya fito fili ya koka kan hana shi sauya dabara a cikin fili, sai aka tura shi Detroit.

Sarki biyu a gari ɗaya

A 1961 wani mai harkar talla daga New York, Art Modell, ɗan shekara 35, ya sayi ƙungiyar. Masu ita na baya sun saba barin Brown ya yi yadda ya ga dama. Modell kuwa yana son a riƙa shawara da shi, yana kuma jan 'yan wasa a jiki. A ƙarshen wannan shekara Brown ya musanya ƙwararren ɗan wasansa Bobby Mitchell don ya samu Ernie Davis, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Heisman ta gwarzon jami'o'i, ba tare da ya sanar da mai ƙungiyar ba. Kafin Davis ya buga wasa aka gano yana da sankarar jini, ya rasu a Mayun 1963.

Manyan 'yan wasa, ciki har da Jim Brown, suka kai kukansu ga Modell. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana ba wasu maki bai yarda a auna shi ba, wanzami dai ba ya son jarfa. A Janairun 1963, lokacin da jaridun Cleveland ke yajin aiki, Modell ya cire shi daga ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa, ya naɗa mataimakinsa kuma tsohon amininsa Blanton Collier. Collier ya bar tsarin yadda yake, amma ya saki wa madugu Frank Ryan da sauran 'yan wasa mara su faɗi ra'ayinsu. A 1964 suka doke Baltimore Colts 27 da nema suka ɗauki kofi.

Brown ya yi shekara biyar a gefe, yana karɓar albashin kwantiraginsa ba ya aiki. Darasin da ya ɗauka shi ne kada ya sake zama ƙarƙashin wani.

Cincinnati da hukuncin 1976

A 1967, shekarar da aka shigar da shi zauren karrama gwaraza, ya samu izinin kafa sabuwar ƙungiya a Cincinnati. A wannan karo shi ne koci, shi ne manaja, yana kuma cikin masu ita. Bengals ta fara wasa a 1968, kuma cikin mataimakan da ya ɗauka akwai Bill Walsh.

A 1969 suka zaɓi Greg Cook, madugu mai ƙarfin hannu daga Jami'ar Cincinnati. Ya ci musu wasa uku na farko, amma a na ukun ya ji rauni a kafaɗa. Ya lallaɓa ya ƙarasa kakar a matsayin wanda ya fi kowa iya jifa a AFL, sai dai tiyatar zamanin ba ta iya gyara kafaɗar ba, wasansa ya ƙare ke nan. Wanda ya maye gurbinsa, Virgil Carter, yana da kaifin basira amma jifarsa ba ta nisa. Maimakon a tilasta masa abin da ba zai iya ba, Walsh ya tsara masa gajerun jifa masu sauri, a riƙa cin fili kaɗan-kaɗan. A 1970, bayan an doke su sau shida cikin wasa bakwai na farko, suka ci bakwai a jere suka ɗauki rukuninsu. Wannan tsari ne daga baya aka laƙaba wa sunan gaɓar yammacin Amurka, alhali a Cincinnati aka haife shi.

A 1971 suka ɗauko Ken Anderson daga wata ƙaramar kwaleji mai suna Augustana a zagaye na uku na zaɓe. Walsh ya horar da shi tun daga yadda ake ajiye ƙafa, har ya zama na ɗaya a alƙaluman jifa a 1974 da 1975. Ke nan babu wanda ya kai Brown sanin abin da Walsh zai iya.

Duk da haka Johnson ya zaɓa. Masu rubuta tarihin ƙungiyar sun rawaito cewa Brown yana ganin Walsh ba shi da taurin zuciyar jure hawa da saukar shugabanci. Walsh kuwa ya bayyana, shekaru masu yawa daga baya, cewa tsohon ubangidansa bai tsaya kan tsallake shi ba, har ya riƙa toshe masa hanyar samun muƙamin babban koci a wasu ƙungiyoyi. Ya yi shekara ɗaya a San Diego, biyu a Jami'ar Stanford, sannan San Francisco 49ers ta ɗauke shi a 1979. A wannan shekara ya zaɓi Joe Montana a zagaye na uku, madugun da ƙungiyoyi da yawa suka wuce saboda suna ganin hannunsa ba shi da ƙarfi.

Johnson ba ragon koci ba ne. Ya ci wasa 10 a 1976 da 8 a 1977. Amma a 1978 Anderson ya karye a hannu, aka doke su sau biyar a jere, ya sauka. Brown, wanda ya ci gaba da riƙe ragamar ƙungiyar daga ofis, ya ɗauki Forrest Gregg a 1980, ya kai su Super Bowl a Janairun 1982. San Francisco ta ci su 26 da 21. A 1984 ya ɗauki Sam Wyche, tsohon ɗan wasansa wanda ya yi wa Walsh mataimaki, suka zaɓi madugu Boomer Esiason. Suka koma Super Bowl a Janairun 1989, suna kan gaba saura minti uku da 'yan kai, sai Montana ya ja ƙungiyarsa yadi 92, ya yi jifar nasara saura daƙiƙa 34. Aka tashi 20 da 16. Shi ne kofin Walsh na uku, kuma wasansa na ƙarshe a matsayin kocin ƙungiyar.

Ƙarshe da gado

Paul Brown ya rasu a Cincinnati ranar 5 ga Agustan 1991 yana da shekara 82, aka binne shi a Massillon. Ɗansa Mike ya karɓi ragamar Bengals. A 2000 aka buɗe sabon filin ƙungiyar da sunan mahaifin, sunan da ya ɗauka har 2022.

Cikin kaka 25 a wasan ƙwararru ya ci wasa 213 na gasa da kofi bakwai. Amma gadonsa mafi girma mutane ne. Weeb Ewbank, wanda ya yi masa mataimaki, ya ci kofi da Baltimore da kuma New York Jets. Don Shula ya buga masa wasa kafin ya zama kocin da ya fi kowa yawan nasara a tarihin NFL. Chuck Noll, ɗaya daga cikin 'yan aiken da ke kai saƙo ga madugu, ya ci Super Bowl huɗu da Pittsburgh. Sai Walsh, wanda duk da ɓacin ran da ke tsakaninsu ya gina aikinsa kan tsarin da ya koya a Cincinnati.

Rayuwar Brown ta nuna cewa rubutu da ma'auni da jarrabawa suna rage kuskure wajen ɗaukar mutum, kuma shi ya koya wa wasan wannan. Ta kuma nuna iyakarsu. Ya gano Graham da kallon wasa ɗaya, a cikin rigar abokan hamayya. Dawson ya zauna kaka biyu a bencinsa, Walsh ya yi shekara takwas a ofishinsa, bai ga abin da ke tare da su ba sai da suka koma hannun wasu. Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin ɗaukar ma'aikata, ko ya yi wa wani shugaba hidima shekara da shekaru yana jiran a ambaci sunansa, ya san wannan matsala ba ta filin wasa kaɗai ba ce.